A sa 'yan Afirka cikin binciken gadon ciwon sikizofireniya

Ya mai girma Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai albarka domin in yi tsokaci kan binciken da masana ke yi game da rawar da gado ke takawa a ciwon ƙwaƙwalwar nan mai suna sikizofireniya.

Binciken da mujallar Nature ta wallafa a shekarar 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam masu alaƙa da ciwon, alhali a 2014 guda 108 aka sani. Sai dai mafi yawan waɗanda aka gwada 'yan asalin Turai ne, ga shi kuwa babu nahiyar da ƙwayoyin halittar mutanenta suka bambanta da juna kamar Afirka. Don haka ma'aunin haɗarin kamuwa da aka gina kan Turawa kan yi rauni idan aka gwada shi a kanmu.

Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu sun riga sun shiga irin wannan aiki. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta tallafa wa asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri su ma su shiga, bisa yardar majinyata tare da ɓoye sirrin iyalansu, domin kada sakamakon ya zama dalilin hana aure.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna