Hanta ce Mahaɗar Ciki da Ƙoda

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi bayani kan wata fahimta da na sha jin ta a bakin mutane, har da masu ilimi, cewa ruwan da mutum ya sha yana gangarawa ne kai tsaye daga ciki zuwa mafitsara. Babu wata hanya da ta haɗa su. Abin da ke kai ruwa da sauran abubuwa daga hanji zuwa ƙoda shi ne jini, kuma kafin jinin ya isa ƙoda sai ya bi ta hanta.

Idan abinci ya narke a ƙaramin hanji, jini yana tsotse amfaninsa, sannan wata babbar jijiya ta kai shi hanta. Jiki ba ya ajiye rarar furotin kamar yadda yake ajiye kitse, saboda haka hanta ke farfasa ta, kuma a wannan aikin ake samun amoniya, wadda guba ce. Hanta tana mayar da ita yuriya, wato wani sinadari da ke fita daga jiki cikin fitsari, jini ya ɗauka zuwa ƙoda, inda kowace ƙoda ke da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, amma kusan duka yana komawa jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba a yawancin mutane.

Bayan gida kuwa yawancinsa ruwa ne, sai ragowar abincin da bai narke ba da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji, amma launinsa ma daga hanta yake. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma idan suka tsufa aka rushe su, hanta tana zuba launin da ya rage cikin ruwan maɗaciya, wanda ke sauka hanji. Shi ya sa idan hanyar maɗaciya ta toshe ido yake yin rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida kuma ya koɗe. Alamomi uku ne, amma tushensu ɗaya.

Inda na fi son iyaye su lura shi ne gudawa. Hanji ne ke mayar wa jiki ruwa, to idan gudawa ta yi tsanani, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa, kuma ƙodar na iya samun rauni. Yaron da ke gudawa kuma fitsarinsa ya ragu ƙwarai yana bukatar ruwan gishiri da sukari nan take, tare da kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku