Sarƙewar numfashi da tsakar dare: a daina ɗora wa dannau, a duba zuciya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata larura da ke cin mutane a gidajenmu ba tare da an gane ta da wuri ba, wato mutum ya kwanta lafiya lau, barci ya ɗauke shi, can da tsakar dare ya farka firgigit numfashinsa ya sarƙe kamar wanda ruwa ke neman cinyewa. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, amma na yi jinyar mahaifina a kan wannan matsala, kuma abin da na ji daga bakin likitoci a lokacin ya sa na gane cewa jahilcinmu ne ya ƙara masa wahalar da bai kamata ya sha ba.

Mahaifina ya haura shekara sittin, kuma an daɗe da gaya masa yana da hawan jini, sai dai shi irin mutanen nan ne da ba sa shan magani sai kai ya sara. A cikin hunturun da abin ya fara, wajen ƙarfe biyun dare muka ji ana dukan taga. Da na shiga ɗakinsa na tarar ya yaye gidan sauro, ya buɗe tagar duk da sanyin da ake yi, yana zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ƙirjinsa kuma yana wani ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Na ce, "Baba, lafiya?" Bai iya haɗa kalma uku ba, sai dai ya ɗaga mini hannu alamar in dakata. Bayan kamar rabin sa'a numfashin ya daidaita, kuma da asuba da ƙafarsa ya tafi masallaci. Wannan tafiya masallacin ita ta yaudare mu, domin duk wanda ya gan shi da hantsi yana shan koko yana hira ba zai yarda cewa shi ne ya kusa cikawa cikin dare ba.

Innarmu ta ce dannau ne, aka karɓo tofi. Wani maƙwabci ya ce fuka ce ta kama shi da girma, mai kemis kuwa ya haɗa masa maganin tari da abin shaƙa na masu fuka, ba tare da ko gwada jininsa ba. Ba na raina addu'a, ita ce takobin mumini, amma neman magani ma umarni ne, kuma mun ɗauki wata biyu cur muna zagaye. A cikin wannan lokaci Baba ya koma kwana da matashin kai uku, daga baya ya daina hawa gado kwata-kwata, sai dai ya jingina da bango a kan darduma har gari ya waye. Da yamma takalminsa ba ya shiga ƙafa, kuma idan ka danna ƙaurinsa da yatsa sai wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba.

Ranar da muka kai shi babban asibiti, tambayar farko da likita ya yi ita ce: "Baba, da matashi nawa kake kwana?" Daga nan ya yi mana bayanin da har yau ban manta ba. Ɓangaren hagu na zuciya shi ne yake karɓar jini daga huhu ya tura shi ga sauran jiki. Idan hawan jini ya shekara da shekaru yana sa zuciya aikin ƙarfi, naman wannan ɓangare yakan yi kauri ya sandare, ko kuma ya saki ya yi rauni, sai jinin ya riƙa taruwa a baya kamar ruwa a kwatar da ta toshe. Da rana, mutum yana tsaye ko yana zaune, ruwan da ya yi yawa a jiki yakan gangara ƙafafu, shi ne kumburin da muke gani da yamma. Idan ya kwanta a gado, sai wannan ruwa ya koma cikin jijiyoyin jini sannu a hankali ya nufi ƙirji, zuciyar da ta gaji ta kasa kwashe shi, ya fara tsattsafowa cikin huhu inda iska ya kamata ta shiga. Shi ya sa abin ba ya zuwa da an kwanta, sai an yi awa ɗaya, biyu ko uku ana barci, kuma shi ya sa zama da sauke ƙafafu ƙasa ke kawo sauƙi. Yawan tashi fitsari da dare da Baba yake yi, wanda muka ɗauka tsufa ne kawai, shi ma daga nan yake.

Bambancin wannan da dannau a fili yake ga wanda ya san su biyun. Wanda dannau ya kama yakan farka ya ji an danne shi, ba ya iya motsa hannu ko yin magana, kuma cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna abin ya sake shi ya koma daidai. Mai ciwon zuciya kuwa zabura yake yi, ya tashi zaune da ƙarfinsa, ya nemi taga ko ƙofa, yana tari yana haki, kuma yakan ɗauki minti goma sha biyar zuwa talatin kafin ya dawo hayyacinsa. Da fuka ne rarrabewar ta fi wuya, saboda ita ma tana tashi da dare, kuma ƙirjin mai ciwon zuciya ma yana iya yin irin wannan ƙugi da fito. Amma dattijon da bai taɓa yin fuka ba tun yana yaro, ga hawan jini, ga kumburin ƙafa, ga gajiya idan ya ɗan yi tafiya, bai kamata a miƙa masa abin shaƙa a sallame shi ba. Hoton ƙirji, da gwajin bugun zuciya, da hoton zuciya da ake kira eko, su ne ke raba gardama.

Ya Edita, kada masu karatu su ɗauka wannan ciwon tsofaffi ne kaɗai. A layin asibitin da muke bi kowane wata, kusan duk zuwa sai na ga 'yan mata masu goyo, wasu ba su kai shekara ashirin da biyar ba. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya, inda bincike a Zariya da Sakkwato da Kano ya nuna yana kama kimanin mace ɗaya a cikin kowace haihuwa ɗari. Tun a 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka wallafa bincike a kansa, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a shekarun baya-bayan nan bai samu cewa waɗannan al'adu ne tushen ciwon ba, ya fi nuna yatsa ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki. Duk da haka kanwa gishiri ce, kuma gishiri yana riƙe ruwa, don haka matar da zuciyarta ta riga ta raunana ba abin da kunun kanwa zai ƙara mata sai kumburi. Abin da ya fi damuna shi ne mai jego ba ta da bakin kuka: idan ta ce numfashi yana gagararta da dare, sai a ce mata raki ne, ko jego ne bai karɓe ta ba, ko kuma a ƙara wa ruwan wanka wuta. Akwai kuma matasan da ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun suna yara ya lalata musu ƙofofin zuciya, su ma wannan farkawar dare tana cikin alamominsu.

Abin da aka koya mana game da daren da abin ya tashi ba shi da tsada. A zaunar da mutum bayansa a miƙe, ƙafafunsa su sauka ƙasa, a buɗe taga, a rage cunkoson mutane a kansa. Kada a kwantar da shi da sunan ya huta, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada kuma a turara masa hayaƙi, wanda mu mun yi, kuma ina nadamarsa har gobe. Idan numfashin bai lafa ba, ko yana tofar da kumfa mai ruwan hoda, ko leɓɓansa da harshensa sun yi duhu, ko ƙirji yana masa ciwo, ko ya fara sambatu, to ba a jiran asuba, a nemi abin hawa a tafi asibiti yana zaune. Idan ma ya lafa, washegari asibiti za a nufa, domin lafawar ba warkewa ba ce.

An ɗora Baba a kan maganin da ke fitar da ruwan jiki ta hanyar fitsari mai suna furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, tare da wasu ƙwayoyin da ke rage wa zuciya nauyi, kuma cikin mako guda ƙafafunsa suka saɓe. An hana shi diclofenac da ibuprofen da yake saye don ciwon gwiwa, saboda suna sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri. Ban taɓa zaton maganin da ake sayarwa a kowane lungu zai iya taimaka wa ciwon zuciya wajen kayar da mutum ba. Maganar gishiri ita ta fi ba mu wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali tukunyar miyarmu ɗaya takan ci gishiri da ɗunƙule biyar ko shida, ga yaji a gefe, ga kilishi idan an samu. Dole aka riƙa ɗibar masa miyarsa kafin a sa ɗunƙule, ana ƙara daddawa da citta da tafarnuwa don ta yi ɗanɗano. An kuma ce mu riƙa auna nauyinsa kowace safiya, idan ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku to ruwa ne yake taruwa, mu koma asibiti tun kafin dare ya sake tayar da shi. Da azumi ya zo, likita ne ya tsara masa lokutan shan magani, ba mu ba.

Roƙona ga wannan jarida da gidajen rediyonmu shi ne a gayyato likitocin zuciya su yi wannan bayani da Hausa, a maimaita shi kamar yadda ake maimaita na zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi su riƙa tambayar duk mai hawan jini da duk mai jego ko numfashi yana tayar da su daga barci, da kuma yawan matashin da suke kwana da shi, domin tambaya ce da ba ta buƙatar wutar lantarki. Masu kemis kuma su ji tsoron Allah su tura irin waɗannan mutane asibiti. Gwamnatocin jihohi su duba kuɗin hoton zuciya da na waɗannan ƙwayoyi da ake sha har ƙarshen rayuwa, domin na ga wanda ya daina zuwa layin nan ba don ya warke ba sai don aljihu ya gaza.

Baba yana nan da ransa, ya koma gadonsa da matashi ɗaya, ko da yake har yanzu sai mun yi da gaske kafin ya yarda cewa jin sauƙi ba dalilin ajiye magani ba ne. Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya, Jihar Kaduna.