Amsa ga uwar da ta tambaya: wa yaro zai roƙa?

'Yar'uwa cikin Kristi,

Gaisuwa mai yawa. A taron iyaye kin tashi kin tambaye ni abin da za ki ce wa 'yarki mai shekara 5, wadda ta tsare ki da tambaya: "Mama, Allah zan roƙa ko Yesu?" Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na rubuto a fili don sauran iyaye su ma su gani.

Don Allah ki rabu da misalin nan na ruwa, ƙanƙara da tururi, wanda ake kawowa don bayyana yadda Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suke Allah ɗaya. Yana da daɗin faɗa, amma abin da yaro zai ɗauka shi ne Allah yana sauya kama, yau Uba, gobe Ɗa. Koyarwar wani malami mai suna Sabeliyus ke nan, wadda ikkilisiya ta ƙi tun ƙarni na 3.

Labari ya fi. Ki karanta mata baftismar Yesu a Kogin Urdun, a ƙarshen Matiyu 3, sannan ki yi mata tambayoyi. Wa ya fito daga ruwa? Wa ya sauko kamar kurciya? Muryar wa aka ji daga sama? Da yatsunta za ta ƙirga, ta ga Ɗa da Ruhu Mai Tsarki da Uba a lokaci guda, ba wanda ya rikiɗa ya zama wani. Nan take ki ƙara mata da Maimaitawar Shari'a 6:4, cewa Ubangiji ɗaya ne, kada ta tashi da alloli uku a kai.

Sauran aikin kuwa addu'ar kwanciya barci ce za ta yi shi. Afisawa 2:18 ta nuna hanya: zuwa ga Uba, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu. Ku durƙusa tare, ta riƙa bin bakinki: "Uba, na gode da yau. Ruhunka ya taimake ni in yi biyayya. Cikin sunan Yesu, amin." Gajeriya ce, kuma gara haka, don yaro mai gyangyaɗi ba ya jin doguwar addu'a.

Game da tambayarta kuma, ki ce mata kai tsaye: Yesu ma Allah ne, tana iya kiransa. Istifanas, ɗaya daga cikin masu bin Yesu na farko, ya yi haka sa'ad da ake jifansa, a Ayyukan Manzanni 7:59. In ta ce, "To yaya uku za su zama ɗaya?" ki ce haka Allah ya bayyana kansa, ba kuwa wani abu mai kama da shi. In ta sake tambaya gobe, ki sake buɗe mata Matiyu 3.

Naki cikin Ubangiji,
Malamin makarantar Lahadi