Bayani ga Iyaye kan Jinkirin Buɗewar Shafin Makaranta

Assalamu alaikum.

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Tun bayan fitar da sakamakon jarrabawar zangon da ya gabata hukumar makaranta take karɓar koke cewa shafinmu na intanet yana daɗewa bai buɗe ba, wani lokaci ma ya tsaya cak ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta. Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu shi ne matsalar ba kowa ta shafa ba, domin an samu gida guda inda wayar maigida ta buɗe shafin nan take, ta uwargida kuwa, mai layin wani kamfani daban, ta yi ta juyi har aka haƙura. Wannan ya wanke wayoyinku, ya kuma wanke kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda take a Turai.

Malamin kwamfutarmu ya bi sawun saƙon da waya take aika wa shafin, ta hanyar manhajar traceroute, wadda take jera duk zangon da saƙo ya yada a hanya tare da lokacin da zuwa kowane zango da dawowa yake ɗauka. A layin da yake lafiya, saƙo yana tashi daga turken sadarwa zuwa Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, daga nan ya miƙe Turai. A layin da ake kuka da shi kuwa, sai ya tsallaka Amurka kafin ya juyo, tamkar a ɗauki fasinjan Zariya daga Kano a bi da shi ta Jos, kuma a wani zango mai cunkoso wasu ɓangarorin saƙon suna salwanta, dole a sake aiko su. Da yake buɗe shafi guda yana buƙatar kai da komo sau da yawa, ɗan jinkirin nan taruwa yake yi har ya ƙure haƙurin mutum.

Zaɓen hanya yana hannun kamfanonin sadarwa ne, bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsu, makaranta ba ta da ta cewa a ciki. Da yawanku za ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a tekun da ke kusa da Abidjan, aka karkatar da saƙonni ta wasu hanyoyi, intanet ya yi nauyi a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Tamu matsalar ƙarama ce, amma asalinsu ɗaya, wato hanyar da saƙo yake bi.

Mun miƙa wa kamfanin da abin ya shafa sakamakon binciken, mun rage nauyin hotunan shafin, kuma muna shirin dawo da shi wata cibiya a cikin gida mai haɗe da IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya suke musayar saƙonni ba tare da sun fita waje ba.

Kafin nan, wanda shafin ya ƙi buɗe masa ya gwada wani layin, domin ƙara data ko sayen sabuwar waya ba zai yi magani ba. Muna roƙo musamman kada a sake biyan kuɗi idan shafin ya tsaya bayan banki ya cire, a ajiye saƙon bankin a kawo ofishin akanta. Duk mai kawo koke kuma ya taimaka da sunan layinsa, unguwarsa da lokacin da abin ya faru.

Wassalam,
Shugaban Makaranta