A Ƙirga 'Yan Tsaki, Ba Iyaye Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi tsokaci kan kula da tsuntsayen nutso na tafkunan arewacin duniya, wato lun, wanda hotonsa ke jikin kwandalar dala ɗaya ta Kanada tun 1987, da takwaransa girib.

Wanda ya tsaya kan ƙirga manya kaɗai, ruɗin kansa yake yi. Lun yakan wuce shekara 20 a raye, don haka ana iya ganin ma'aurata a tafki shekara da shekaru alhali ƙyanƙyasa ta daɗe da tsayawa. Shi ya sa a binciken lun na tafkunan Kanada, da aka fara a Ontario a 1981, 'yan sa-kai ke leƙa tafki aƙalla sau uku: a Yuni su ga ko an yi sheƙa, a Yuli su ƙirga 'yan tsaki, a Agusta su ga nawa suka kai mako shida. Na Agustan nan shi ne ma'auni. Idan ma'aurata ba sa fitar da kusan ɗan tsako ɗaya duk shekara biyu, to yawansu raguwa yake.

Yawancin asarar a sheƙa take faruwa. Ƙafafun lun suna can baya dab da wutsiya, da ƙyar yake takawa a tudu, dole ya yi sheƙa a bakin ruwa, ya kwanta wa ƙwai biyu kusan kwana 28. Ruwa ya hau da santimita 15, ƙwai ya nutse. Masu madatsa suka sauke ruwa, sheƙar ta fi ƙarfin isarsa. Kwale-kwalen inji ma yana watsa mata ruwa. A jihar New Hampshire ta Amurka, ana haɗa gungume huɗu a yi wa lun dandalin sheƙa mai iyo, a shimfiɗa ciyawa, a ɗaure shi da bulon siminti, a saki igiya yadda zai hau ya sauka da ruwa. Amma inda sheƙar gargajiya ke nasara, bai kamata a sa shi ba.

Sai dalmar da masunta ke sa wa fatsa. Tsuntsun yakan haɗiye ta tare da kifi ko tsakuwar niƙa abinci, guda ɗaya kuma ta isa ta kashe shi cikin mako biyu zuwa huɗu. Tun 2016 jihar New Hampshire ta hana dalmar fatsa mai nauyin giram 28 zuwa ƙasa.

Mu ba mu da lun, amma ƙaramin girib na nan a madatsunmu da fadamun Haɗejiya-Nguru. Ɗan'uwansa na tafkin Alaotra a Madagaska an tabbatar da ƙarewarsa a 2010, ragar nailan da baƙon kifi mai cin 'yan tsaki ne suka gama da shi. Muna kira ga masu ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a watan Janairu da su ƙara zagayen lokacin ƙyanƙyasa, su kuma roƙi sarakunan ruwa a riƙa rubuta duk girib ɗin da raga ta kama.

Wassalam,
Wasu masu bibiyar tsuntsayen ruwa