Likita, ciwon ne ya kashe min jiki ko kwanciyar?

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka na wannan fili da ba ya wuce mu a gidanmu. Allah ya saka da alheri.

Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 47, 'ya'yana biyar. Bara aka gano ina da sankarar mama. Aka cire min na hagu tare da kaluluwar hammata, aka yi min allurar kimo sau takwas, har da jar nan mai kakkaɓe gashin kai, daga baya aka gasa wurin da na'ura. Wata bakwai ke nan da gamawa. Yanzu ƙwayar tamoxifen nake sha kullum, an ce sai na yi shekara biyar a kanta ko fiye. Awon da aka yi min na baya-bayan nan bai nuna komai ba, alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne gajiya. Na san gajiyar goyo, na san ta aji mai yara tamanin, amma wannan daban take, barci ba ya taɓa ta. Sai in farka da asuba kamar wadda ta kwana daka. Tafin ƙafata wani lokaci kamar auduga nake takawa, wani lokaci kamar ana tsira min allura. Na yi ƙiba, gwiwa ta yi nauyi, salla ma yawanci a zaune nake yi.

A gida kuwa an kafa min doka. Hajiya, mahaifiyar maigidana, tare muke zaune. Ko tsintsiya na ɗauka sai ta ce, "Ajiye, 'yar nan. So kike ki tayar da abin da Allah ya kwantar?" A wajenta motsi shi ke sa ciwon daji ya bazu cikin jini. Maigida ya ɗauko mai aiki, ya ce maganar komawa makaranta a bar ta tukuna. Wallahi ban ga laifinsu ba. Su suka kwana a barandar asibiti, shi ya sayar da filinsa saboda magani. Wanda ya ga abin da suka gani dole ya ji tsoro. Sai dai ni da ke cikin jikin, ji nake kullum kwanciyar tana ƙara cinye ni.

Babbar 'yata tana karatun aikin jinya. Da ta zo hutu ta tarar da ni a kan katifa da rana tsaka, ranta ya ɓaci. Ta ce min, "Umma, yanzu likitocin ciwon daji motsa jiki suke ba wa irinku shawara, gajiyar nan ma da shi ake rage ta." Ta karanta min wani bincike da aka fitar a 2025, na mutum 889 masu ciwon dajin hanji da suka gama kimo, akasarinsu a Kanada da Ostireliya. Rabinsu an haɗa su da mai horar da su tsawon shekara uku, yawanci tafiya ce kawai da ɗan sauri. Haɗarin dawowar ciwon, ko fitowar wani sabo, ko mutuwa, ya ragu musu da kashi 28 cikin ɗari. Na ce mata to ai nawa na mama ne, ba na hanji ba. Ta kawo wani na Amurka a 2009, inda mata masu kumburin hannu bayan aikin mama suka riƙa ɗaga ƙarfe, daga marar nauyi ana ƙarawa sannu a hankali, kuma kumburin bai ƙaru ba. Ta kuma ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Hajiya na gefe tana ji, ta ce jikar tata ta je boko ta dawo za ta kashe uwarta.

To Likita, bari in faɗa maka gaskiya. Na fara a ɓoye. Bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, sai in zagaya tsakar gida minti goma. Da na yi mako biyu na ga barcina ya gyaru, abinci ya fara daɗi, har na yi Magariba a tsaye. Sai zumuɗi ya ɗebe ni, ran nan na ɗaga bokitin ruwa cike da hannun hagu. Washegari hannun ya yi nauyi, zobena ya matse yatsa. Ya sauka bayan kwana biyu, amma tsoro ya kama ni, na koma katifa. Na tuna ranar sallama an ce kada in ɗauki kaya mai nauyi da hannun, ba a ce har yaushe ba, ni kuma ganin layin da ke bayana ban tsaya tambaya ba.

Shin tafiyar nan tana da wata illa ga irina, musamman da ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai? In babu, minti nawa zan fara da shi, kuma wace alama ce in na gani zan tsaya in tafi asibiti? Hannun nan fa, haka zan lallaɓa shi har ƙarshen rayuwata, ko akwai yadda ake horar da shi? 'Yata ta ce in nemi a tura ni sashen gashin ƙashi, kuma akwai wata safar hannu mai matsewa da ake sawa. Sannan shara da wanki da daka, suna cikin lissafin motsa jiki? Don ka san mace a unguwa irin tamu ba za ta fita tana zagaye titi ba tare da an tare ta ana "Lafiya? Ina zuwa?" ba.

Roƙona na ƙarshe, don Allah ka amsa a cikin shirin, kada ka tsaya ga rubuto min. Hajiya ba ta yarda da abin da aka karanto daga waya ba, amma rediyonta na gefen filo, kuma in ka yi magana ba ta musu. Ka yi bayanin yadda za ta gane ba raina kulawarta na yi ba. Ina so in koma aji zangon karatu mai zuwa in Allah ya yarda.

Na gode. Wassalam.

Mai sauraronka,
wata malama daga Zariya