Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dakta Ngozi Okonjo-Iweala: A Cinikin Aisi, A Duba Mai Sayen Naɗi Ɗaya

Zuwa ga Darakta Janar ta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya,
Dakta Ngozi Okonjo-Iweala,
Janiba, Suwizalan.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu injiniyoyin lantarki ne da masu shigo da kayan haɗa na'urori, kuma a kan abu ɗaya muka rubuto: ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin nan da masu gyara ke kira aisi, waɗanda kundin kwastan na duniya ya jera a ƙarƙashin lamba 8542. A 2024 cinikin wannan fanni ya haura dala biliyan 600. Kusan duk muhawarar da manyan ƙasashe ke yi a kansa, a kan na sahun gaba take: aisi mai nanomita 3 ko 5 (ma'aunin ƙanƙantar zanen cikinsa), wanda ke tafiyar da ƙirƙirarriyar basira, da injin kamfanin ASML na Holan da ke zana shi da haske mai nanomita 13.5. Amma mitar wuta, da inbatar sola, da na'urar auna sukarin jini, da birkin mota, galibi da tsofaffin aisi suke aiki, masu nanomita 28 zuwa 180 ko fiye, waɗanda da yawansu guda ɗaya bai kai dala ɗaya ba. Mai sayen irin waɗannan naɗi ɗaya yake ɗauka, wato zaren roba da ake jera aisi a ciki a naɗe, guda 2,500 ko 3,000. Shi ne na ƙarshe a layi, kuma duk wani cikas a kansa yake ƙarewa.

Aisi guda ɗaya kan ratsa iyakoki da dama kafin ya hau allon na'ura. A zana shi a Amurka ko Ingila. A yanko faifan silikon mai faɗin milimita 300 a Japan, a wurin kamfanoni irin su Shin-Etsu da SUMCO, ya fita a ƙarƙashin lamba 3818. A kai shi masana'anta a Taiwan ko Koriya ta Kudu, ya shiga matakai ɗaruruwa na kusan wata uku. Daga nan a tura faifan Malesiya ko Filifin ko Biyetnam ko Sin, a yayyanka, a liƙa wa kowace ƙwaya wayoyi da suka fi gashi siranta, a rufe ta da baƙin roba, a gwada. Sai ɗakin ajiya a Hong Kong ko Singafo, sannan jirgi.

To ɗan wace ƙasa ne? Tarayyar Turai tana kallon inda aka sarrafa faifan. A Afrilun 2025, ƙungiyar masana'antun fannin ta ƙasar Sin ita ma ta sanar da cewa wurin sarrafa faifan ne asali. Wasu hukumomin kwastan kuwa inda aka rufe aka gwada suke kallo, kuma sunan wannan ƙasar ne sau da yawa ke jikin kwalin. Lokacin da haraji sifili ne ko'ina, wannan saɓani bai dami kowa ba. Yanzu da ake ɗora ƙarin haraji a kan ƙasa ɗungurungum, kaya ɗaya mai takarda ɗaya zai wuce kyauta a wata tasha, a wata kuma a riƙe shi da zargin ƙaryar asali. Aikin daidaita ƙa'idojin asalin kaya da ƙungiyarku ta fara a 1995, an yanke masa shekara uku, har yau bai kammalu ba. Ba mu ce a farfaɗo da shi gaba ɗaya ba. A ciro 8541, lambar transisto da dayod, da 8542 kaɗai, a zaunar da mambobi a kansu. A ganinmu wurin sarrafa faifan ya fi cancanta, domin a nan aisi ke zama abin da yake. Rufewa riga ce kawai. Sannan a wajabta rubuta wuraren biyu a takardar kaya.

Sai takunkumin fitar da kaya. A Yulin 2019 Japan ta tsaurara fitar da sinadarai uku zuwa Koriya ta Kudu, ba a warware ba sai 2023. A ranar 7 ga Oktoban 2022 Amurka ta fitar da manyan ƙa'idojinta a kan aisi na sahun gaba da injinan ƙera su, Sin ta kai ƙara gabanku a Disambar shekarar, Holan da Japan suka bi sahun Amurka a 2023, Sin kuma ta sa lasisi a kan fitar da galiyum da jamaniyum, ma'adanan da ake amfani da su a wannan fanni, daga Agustan 2023. Kowa ya fake da sashe na 21 na babbar yarjejeniyar haraji da ciniki ta GATT, wato tsaron ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar kuma tun Disambar 2019 ba ta iya zama. Ba mu musanta wa kowace ƙasa haƙƙin tsaronta. Damuwarmu ita ce yadda tsoro ke wuce gona da iri a wurin dillalai. Dila ba ya son tarar miliyoyi saboda odar dala dubu biyu, saboda haka da ya ga adireshin ƙasar da bai saba da ita ba, sai ya nemi takardar bayanin mai amfani na ƙarshe, ya riƙe odar makonni, ko ya soke ta ba bayani, ko da kayan na rukunin EAR99 ne a dokar fitar da kaya ta Amurka, wanda a mafi yawan lokuta ba ya buƙatar lasisi. Dokar da Amurka ta fitar a Janairun 2025, wadda ta kasa duniya gida uku ta sa yawancin ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka a rukunin da aka ƙayyade wa adadin aisi na ƙirƙirarriyar basira da zai iya saya, an janye ta a watan Mayu kafin ta fara aiki, amma ta nuna yadda ake yanke wa ƙasashe hukunci ba a ji ta bakinsu ba. Rikicin Nexperia na ƙarshen 2025 ma ya isa darasi: kamfanin ƙananan transisto da dayod ne masu arha, da ke Holan kuma mallakar wani kamfanin Sin, amma da gwamnatin Holan ta karɓe ikonsa, Sin ta tsayar da fitar kaya daga masana'antarsa ta Dongguan, masu ƙera motoci suka fara ƙirga kwanakin da kayansu za su kai. Tun 2012 akwai ƙa'idar da ta ce mambobi su riƙa sanar da ku irin waɗannan takunkumai duk shekara biyu. Muna roƙon ki matsa a cika ta, kuma a tattara bayanan wuri ɗaya bisa lambar kwastan, yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai buɗe ya ga ko kayansa na ciki ko ba ya ciki, ya nuna wa dila.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya kuwa ba ya zuwa teburin taro, a teburin binciken kwastan yake faruwa. Baƙin robar da ke rufe aisi yana shan danshi. Shi ya sa ake tura shi cikin jakar da aka zuƙe wa iska, da ƙunshin shan danshi, da ɗan kati mai ɗigo-ɗigo da ke canja launi idan laima ta shiga. A rufe, jakar tana kai wata 12. Da an farke ta, agogo ya fara. Kayan da ke mataki na 3 a ma'aunin saurin shan danshi awa 168 kawai suke da ita, mako ɗaya ke nan, shi ma idan zafi bai wuce digiri 30 ba, danshin iska kuma bai wuce kashi 60 cikin 100 ba. Wasu matakan awa 24 ce. Idan jami'i ya yanka jakar da reza don ya ƙirga, ya mayar da salatif, kayan suka kwana goma a rumfar filin jirgi, ido ba zai ga wani canji ba. Sai ran da aka sa allon a tanda don narka dalma, zafi ya kai digiri 245 zuwa 260, ruwan da ya shiga ya zama tururi, ya tsaga robar daga ciki ko ya tsinke wayoyin. Wani aisin ya mutu nan take. Wani ya wuce gwaji, ya je ya mutu a hannun mai saye bayan wata shida. Magani shi ne gasawa a digiri 125, amma robar naɗin ba ta jure wannan zafin, sai dai a zare kayan ɗaya-ɗaya, ko a gasa a digiri 40 na kwanaki har makonni.

Haka wutar da ke taruwa a jikin mutum. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai kusan bolt 3,000, alhali wasu aisi bolt 100 ya isa ya huda su. Hannu ba madaurin da ke sauke wutar zuwa ƙasa, teburi mai shimfiɗar leda, shi ke nan an gama da kaya. Jami'in bai yi da mugunta ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki da ta fara aiki a Fabrairun 2017 ta tanadi hanzartawa ga kaya masu saurin lalacewa, amma hankalin kowa ya tafi kan kifi da furanni. Muna roƙon ƙungiyarku da Ƙungiyar Kwastan ta Duniya da ke Brasels su fitar da jagora mai shafi biyu: a duba takarda da lambar jikin jaka tukuna, a yi amfani da na'urar haska kaya, idan dole sai an buɗe a buɗe jaka ɗaya a gaban mai kaya a kan teburi mai kariya, a rubuta ranar da lokacin, a sake zuƙe iska a rufe. Sashe na 3 na yarjejeniyar, na yanke hukunci tun kafin kaya su iso, shi ma a raya shi, domin gardamar ko abu aisi ne na 8542 ko sashen wata na'ura ne ita ke zaunar da kaya a rumfa.

Duk lokacin da hanyar halak ta toshe, kasuwar jabu ke buɗewa. An gani a 2021, da sanyi ya rufe masana'antun Austin a Texas a Fabrairu, gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Naka a Japan a Maris, jiran wasu aisi ya kai mako 52. Kamfanoni suka raba ɗan abin da ke akwai ga manyan abokan cinikinsu, ƙanana suka faɗa hannun dillalan da ba su da takardar asali. Yadda ake jabun sananne ne: a gasa tsohon allo daga bolar lantarki, a kakkaɓe kayan, a wanke, a goge saman da sanfefa, a shafa baƙin fenti, a buga sabuwar lamba. Wanda aka yi don digiri 0 zuwa 70 a mayar da shi na mota, mai jure 40 ƙasa da sifili zuwa 125. Wani ma fanko ne, ba ƙwaya a ciki. Gogawa da asiton tana tona fenti mai arha, madubin ƙara girma yana nuna tsohuwar dalma a ƙafafu, lambar kwanan wata da ta saɓa da ta jikin naɗi ita ma shaida ce. Amma ƙwararren jabu sai hoton eksire, ko a narka rigar da asid a karanta tambarin da ke kan ƙwayar, kuma waɗannan kayan gwaji ƙaramin kamfani ba ya iya sayensu. Kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai kula da soji ya ba da rahoto a 2012 cewa ya gano lamura kusan 1,800 da suka shafi kaya fiye da miliyan ɗaya da ake zargi, a cikin kayan sojin ƙasar. Idan sun shiga can, ina ga injin asibitin ƙasa mai tasowa? Sashe na 51 na yarjejeniyar TRIPS ta kare haƙƙin mallakar fasaha ya ba kwastan damar tsare kaya masu tambarin jabu, amma jami'in da ba shi da hanyar tantance lamba ba abin da zai tsare. Kuɗin tallafin ciniki da ke bi ta hannunku, a ware wani abu a kafa ɗakunan gwaji na yanki, a kuma nemi masu ƙera aisi su buɗe wa kwastan hanyar duba lambar rukunin kaya. Gyaran yarjejeniyar Basel da ya fara aiki a Janairun 2025, wanda ya sa duk bolar lantarki sai da amincewar ƙasar da za a kai wa, zai taimaka idan an aiwatar.

Game da haraji, yarjejeniyar kayan fasahar sadarwa da aka ƙulla a Singafo a 1996, aka faɗaɗa a Nairobi a 2015 da ƙarin kaya 201, ta mayar da kuɗin fiton aisi sifili tsakanin mahalarta. Ƙasashen Afirka kaɗan ne a ciki, irin su Masar da Maroko. Mun fahimci tsoron rasa kuɗin shiga. Amma ƙasar da ba ta ƙera aisi, idan ta sa masa haraji ba wata masana'anta da ta kare, nata masu haɗa na'urori ta danne. Abin ya fi muni idan gamammiyar na'ura tana shigowa da rangwame amma kayan haɗinta suna biya cikakke. A ba irin waɗannan ƙasashe hanyar shiga mataki-mataki, su fara da 8541 da 8542 da 8534 na allunan haɗi, su jinkirta gamammun kaya. Tallafin dala biliyan 52.7 na Amurka da shirin yuro biliyan 43 na Turai ga masana'antun aisi ba mu da abin gogayya da su, a dai sanar da su yadda doka ta ce.

Ranki ya daɗe, mun san ba ki da ikon tilasta wa mamba, amma kina da ikon kiran taro da sa batu a jadawali. Idan ɗaya kawai zai yiwu a bana, a fara da jagorar binciken kwastan. Ba ta taɓa tsaron kowace ƙasa, ba ta buƙatar sabuwar yarjejeniya, kuma a shirye muke mu ba da daftarin ɓangaren fasaha ga duk kwamitin da kika miƙa wa aikin.

Allah ya ƙara lafiya da basira.

Naki cikin girmamawa,
Wasu injiniyoyin lantarki da masu shigo da kayan haɗa na'urori.